Wilin Roba da Ranar Yola

A Jimeta, wasu tsofaffin kekunan yara 'yan gwanjo kan zo da wilin roba, irin wanda kamfanin Skyway na Amurka ya yi fice da shi tun shekarun 1970. Roba ba ta tsatsa, amma ranar Yola, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, takan cinye launinta har ta yi furu-furu.

Mai gyaran keke ba ya garaje. Omo da ruwa tukuna, yana bin lungu-lungu da tsohon buroshi. Masu gaggawa kan shafa baƙin mai. Wilin ya yi ƙyalli yini guda, ƙurar hunturu ta manne masa. Shi kuwa mai gyaran, da samfefa mai laushi yake kankare saman da ya mutu, a hankali, har launin ya fito. Wilin da ya tsage dai sai canji.