Wanda ya faɗi da wanda ya ture shi

Sau huɗu cikin wata guda sabarmu ta mutu, kuma kowane karo wasiyya iri ɗaya take bari a kan allo: ɗaya daga cikin furosesa goma sha shida da ke cikinta ya je karanta wani adireshi a memori, ya tarar adireshin na banza ne, kanel ya firgita, komai ya tsaya. Kanel shi ne cibiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ke raba memori, shi ke ba kowane aiki lokacinsa, kuma idan wata manhaja ta yi kuskure shi ke kashe ta a ci gaba da harka. Idan kuwa shi ne ya yi kuskuren, babu na sama da shi da zai gyara, don haka sai ya rubuta inda ya tsaya, ya daina motsi.

Inda ya tsaya ɗin kullum wuri ɗaya ne: wani ɗan aiki da agogon kanel ke tayarwa lokaci-lokaci, a cikin direban wata na'ura da muka rubuta da kanmu. Wani matashi da bai cika shekara da mu ba ne ya rubuta wannan sashen. Na kira shi, na nuna masa allon, na ce ya je ya gyara ɓarnarsa. Ya ce, "To, Yallaɓai." Kwana biyar yana karanta layukan da ba su kai talatin ba, bai sami komai ba, ni kuma na fara tunanin ko mun yi kuskuren ɗaukarsa.

Na manta da abin da na sani tun tuni. A kwamfuta mai furosesa ɗaya, rahoton mutuwa labari ne mai layi ɗaya, kana bin sawu baya sai ka iso ga mai laifi. A mai furosesa da yawa, rahoton na wanda ya faɗi ne kawai. Wanda ya ture shi yana can wani furosesa, kuma galibi ya wuce abinsa. Linux ya daɗe da wannan ciwon kai. Da ya fara aiki da furosesa fiye da ɗaya a sigar 2.0, a 1996, maganin da aka yi shi ne kwaɗo guda babba: furosesa ɗaya kaɗai ke shiga kanel a lokaci guda. Akwai lafiya a hakan, amma babu sauri. An yi shekaru ana maye gurbinsa da ƙananan kwaɗuna, ba a rabu da shi gaba ɗaya ba sai a 2011. Kowane ƙaramin kwaɗo kuwa wuri ne da ɗan Adam zai iya mantawa.

Mun fara da dabarar kowa, muka cusa umarnin buga saƙo a ko'ina cikin direban. Matsalar ta ɓace, mako biyu shiru. Ban yi murna ba, domin buga saƙo yana cin lokaci, kuma ciwon da jinkiri kaɗan ke ɓoyewa rige-rige ne tsakanin furosesa biyu.

Sai muka cire saƙonnin, muka yi abu biyu. Muka kunna tsarin da ke sa kanel ya cika duk memorin da aka saki da lamba 6b, muka kuma saita kdump, wanda ke ajiye wani kanel na biyu a gefe domin ya tashi idan na farko ya mutu, ya kwashe hoton memori gaba ɗaya. Bayan kwana shida sabar ta sake faɗuwa, kuma adireshin da ya kashe ta a wannan karon shi ne 6b6b6b6b6b6b6b6b. Wato aikin matashin yana karanta memorin da wani ya riga ya saki. Na buɗe hoton da manhajar crash, na nemi ta nuna mini abin da kowane furosesa ke yi a daidai lokacin. Goma sha huɗu suna harkar gabansu. Na 3 ne ya faɗi. Na 11 yana cikin sashen rufe na'ura, layi biyu bayan ya saki memorin. Ni na rubuta wannan sashen, shekaru uku kafin matashin ya zo.

Kafin sakin memorin na kira del_timer, wanda ke soke agogon da bai buga ba, amma ba ya jiran aikin da ya riga ya fara gudana a wani furosesa. Mai jiran a lokacin shi ne del_timer_sync. A da, a kanel da aka gina don furosesa ɗaya su biyun abu guda ne, kuma a irin wannan na'ura na gwada aikina a wancan lokacin, shi ya sa ya wuce lami lafiya.

Gyaran bai wuce ƙarin haruffa biyar ba. Na kira matashin ofishina, na nuna masa sawun furosesa na 11, na ce ya yi haƙuri. Ya daɗe yana duban allon, sannan ya tambaye ni ko akwai wasu wurare a direban da na yi amfani da wannan umarnin. Muka bincika tare, muka sami biyu.