Wanda Ya Kai Ki, Wa Zai Ɗauko Ki?

Wannan mako ina so in ba ku labarin wata tafiyar ƙasa da na shirya wa 'yan ajina, da irin wautar da na yi kafin in gane kanta. Na ga ya fi kyau in faɗa da bakina, gama labarin ya riga ya zaga unguwarmu, kowa kuwa da irin gishirin da yake sa masa.

Ni mutuniyar Babura ce. Wadda ta san wajenmu ta san ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, rairayi ne iyakar ganinki. Da na gama kwalejin horon malamai ta Gumel aka turo ni koyarwa a ƙasar Kazaure, sai na riƙa tsayawa ina kallon duwatsu kamar baƙauya ta shiga birni. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, 'yan matan da nake koya wa labarin ƙasa a gindin duwatsun nan aka haife su, amma ko ɗaya ba ta taɓa hawa ba. Ina zana musu tudu da kwari a allo, su kwafa a littafi, alhali ga tudun can yana leƙo mu ta taga. Sai na ce a raina, gani ya kori ji. Zan kai su mu hau ta gefe guda mu sauka ta wancan, tsakanin Kazaure da ƙasar Roni, tafiyar yini ɗaya.

Da na kai wa shugabar makarantarmu maganar, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malama, 'ya'yan mutane ne fa. In yarinya guda ta kai magariba a waje, ubanta zai cire ta daga makaranta, kuma ba ita kaɗai za a cire ba." Wannan gaskiya ce, kowace malama a ƙasar nan ta sani. Da ƙyar ake samun wasu iyayen su bar yarinya ta wuce firamare, ƙaramin dalili ya isa a zaunar da ita gida. Shugaba ta ce in fara bin hanyar da ƙafata tukuna, in dawo in gaya mata.

To, ran wata Asabar muka tashi mu uku, da ni da wata malama abokiyar aikina da ƙanena. Tun ran Juma'a na yi magana da wani mai adaidaita sahu, na ce ya je ya jira mu "a gindin dutse, wajen Roni, bayan la'asar." Ya ce to. Ni ma na ce to, na tafi ina jin na gama shiri. Muka fita daga Kazaure da hantsi, muna tafe muna hira, muna tsayawa kallon kowace kuka. Can wajen ƙarfe biyar muka gangaro wani ɗan ƙauye mai gidaje kaɗan. Ba mota, ba alamarta. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo, duwatsu sun tare. Ashe a ƙasar Roni gindin dutse ya fi a ƙirga. Bawan Allah ya je nasa gindin dutsen ya yi ta jira har ya gaji ya koma, mu muna namu. Ba laifinsa ba ne, ni ce na ba shi kwatancen da ba kwatance ba.

Wata tsohuwa ta gan mu tsaye cirko-cirko, ta kira mu cikin gida, ta ba mu ruwa muka yi salla, ta dama mana fura. Da ta ji yadda muka yi, ta riƙe baki ta ce, "'Yata, ai kun juya tafiyar. Mai hankali da yamma gida yake fuskanta, ba daji ba. Da safe kuna da ƙarfi da rana a hannu kuka bar inda motoci suke, yanzu da ba ku da ko ɗaya kuka zo nemansu inda babu." Na ji kunya ƙwarai, ga takardar shaida a akwati, ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta warware mini lissafi a numfashi guda. Jikanta ya raka mu har bakin hanya, tafiyar kusan sa'a guda cikin duhu, muka samu wata motar hatsi ta rage mana hanya. Bayan lisha muka shiga gida. Na tarar da Goggona, wadda nake zaune wurinta, tsaye a zaure da tocila. Ba ta ce mini kome ba, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo. Daren nan na kwana ina tunani, da da yara ashirin nake fa?

Ga abin da na fahimta. Tafiyar da za ki je ki komo ta hanya guda ba ta da wuyar shiri, gama inda kika bar abin hawa nan za ki same shi, in kin gaji kuma sai ki juya. Amma tafiyar da ake shiga ta wata ƙofa a fita ta wata, tana da baki biyu, kowane baki kuwa da nasa abin hawa. Mutane sukan ɓata hankalinsu kan bakin farko, domin shi ne a gabansu. Na ƙarshen shi ne mai hatsari, don a can za ki isa a gajiye, ruwa ya ƙare, rana ta yi ƙasa. Saboda haka sai na juya shirin kamar yadda tsohuwa ta ce: mota ta kai mu can nesa da sassafe, mu kuma mu tako da ƙafa muna nufo Kazaure. In motar safe ta ƙi zuwa, ba a yi asarar kome ba, muna gida. In ta yamma ta saɓa, mun riga mun sauka kusa da madatsar ruwan Kazaure da babban titin Kano zuwa Daura, inda abin hawa ba ya yankewa, wasu yaran ma daga nan sa iya ƙarasawa gida da ƙafa. Aibinsa guda ne: Roni yamma take da Kazaure, watau da safe rana za mu fuskanta. Na ga gara hasken rana a ido da duhun dare a daji.

Duk da haka ban sake yarda da kwatancen baki ba. Zuwa da kai ya fi aike. Na samu direban wata bas, dattijo wanda iyayen yara suka sani, na biya shi kuɗin mai muka je tare tun ana saura mako guda. Na nuna masa inda zai sauke mu, muka dawo na nuna masa itacen da zai jira mu a ƙarƙashinsa, har na sa ya taɓa shi da hannu. Ya yi dariya ya ce, "Malama, ai ko makaho ya gane." Na ce, "Baba, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu." Muka yi ciniki, rabin kuɗi da safe, rabi in ya dawo da mu. Na kuma roƙe shi kada ya ɗauki wani lodi ranar bayan azahar, gama direba in ya ce bari in kai wannan in dawo yanzu, to, Allah kaɗai ya san yanzunsa.

Sai lissafin lokaci. A kwaleji an koya mana wata ƙa'ida da wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892: a ba kowane mil 3, watau kusan kilomita 5, sa'a guda, a ƙara rabin sa'a a kan kowace ƙafa 1,000 da za a hau. Amma shi da ƙarti majiya ƙarfi yake magana, kuma bai sa hutu a ciki ba. Duwatsun Kazaure ba su da tsawo irin na Jos ko Mambila, sai dai tsakuwa da ƙaya, da hawa da gangara ba iyaka. Hanyarmu a kiyasina ba ta wuce kilomita 10 ba. Lissafin Bature ya ba ni sa'a biyu da rabi, ni kuwa na ninka, na rubuta biyar, domin ayari da tafiyar wadda ta fi kowa rauni yake tafiya. A watan Disamba rana takan fito wajen bakwai saura, ta faɗi wajen ƙarfe shida. In mun fara taku da bakwai da rabi, ya kamata mu sauka kafin ƙarfe ɗaya, ga sa'a biyar a ajiye saboda tsautsayi. Disamba na zaɓa da gangan. Da damina ciyawa ta rufe hanya, rafuka sun kawo, ga gonakin mutane. Da bazara kuwa, Maris da Afrilu, dutse yakan yi zafi har ya ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Bayan kaka an kawar da amfanin gona, sanyin hunturu ya sauko, shi ne lokacinta.

Akwai wani abu kuma da ba a tunawa da shi. A irin wannan tafiya, in kin wuce rabi, komawa baya ta fi ci gaba nisa, motar ma ta bar can. To, in yarinya ta gurɗe a tsakiya fa? Sai na nemi wata 'yar hanyar shanu da ta ratse daga tsakiyar tafiyar ta gangara wani ƙauye inda babur yake iya shiga. Na ajiye ƙanena a can da babur tun safe har azahar. Na kuma yanke wa kaina sharaɗi tun a gida: in ƙarfe goma sha ɗaya ta yi ba mu kai mararrabar nan ba, duka za mu ratse mu sauka, ko yara sun yi kuka. Irin wannan shawara a gida ake yanke ta, don a kan dutse zuciya takan ce ai saura kaɗan.

Kaya masu nauyi, tukunyar dafa-duka da tabarmi da jarkar ruwa, duk a mota suka zauna suka zaga ta titi suka tarye mu. Kowace yarinya ta ɗauki ruwa lita 2 kawai, nauyin kilo 2 ke nan, da ƙullin gyaɗa da dabino da ƙuli-ƙuli. Na hana silifas, sai takalmi mai maɗauri. Na ce a sa wando a ciki, a ɗaure dogon hijabi a kugu saboda ƙaya. Ni na riƙe bandeji da man zafi da allura da zare. Muka je muka gai da dagacin wajen, muka gaya masa ranar, ya ba mu jikan tsohuwar nan ya yi mana ja-gora.

Iyaye su ne aikin da ya fi cin lokaci. Takarda ba ta isa ba, gida gida na bi bayan la'asar, ina durƙusawa ina bayani. Abin da ya fi kwantar musu da rai ba amfanin ilmin ba ne, jin sunan direban ne da jin cewa gida za mu nufo. Cikin yara 24 aka bar mini 19. Guda daga cikinsu tana da amosanin jini, wanda sanyi da ƙishirwa da wahala suke tayar da shi. Ban yarda ta hau ba, ban kuma so a bar ta gida tana kuka ba, sai na naɗa ta sarauniyar abinci, ta bi mota tare da wata malama.

Ranar kanta ba ta da dogon labari, kuma haka nake so. Na ba kowace yarinya lamba, duk inda muka huta sai su ƙirga kansu da ƙarfi, ni a baya, abokiyar aikina a gaba. Maɗaurin takalmin wata ya tsinke, na ɗinke. Da muka kai ƙololuwa yara suka yi tsit. Ta cikin hazo ga ruwan madatsa yana ƙyalli, ga motoci a titin Daura kamar tururuwa. Nan na ba su labarin Ɗan Tunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure, ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo da aka naɗa a 1819, na ce su dubi ƙasar nan da kyau su gaya mini ko mahayin doki zai ji daɗin kawo yaƙi cikinta. Wata ƙaramarsu ta ce, "Malama, ashe shi ya sa." Sa'an nan ta tambaye ni ina Gwiwa, na nuna mata arewa, ta ce ina Babura, na nuna gabas, na ce can inda duwatsu suka ƙare.

Mun sauka ƙarfe biyu saura, mun makara da kusan sa'a guda a kan lissafina. Baba direba yana ƙarƙashin itacensa yana gyangyaɗi, sarauniyar abinci ta shimfiɗa tabarmi tana ta harararmu don shinkafa ta huce. Muka yi azahar, muka ci, kafin la'asar kowace yarinya tana ɗakin uwarta. Ni da kaina na miƙa ta ƙarshe.

Ran Litinin ɗaya daga cikin iyayen da suka hana ya aiko ɗansa ya tambaya ko za a sake. Yara kuma sun matsa sai mun yi ta wajen Gwiwa. Na ce su bari tukuna, ban bi hanyar da ƙafata ba, ban kuma san bakin da ya kamata mu fito ba. Asabar mai zuwa dai zan koma ƙauyen nan in kai wa tsohuwa goro da sabulu, kuma wannan karo na gaya wa mai babur ya tsaya a ƙofar gidan har in fito.