Ranar Da Na Shiga Alaba Sayen Firijin Amarya

Uwargida, in dai kin taɓa aurar da 'ya, kin san yadda lissafin kayan ɗaki yake hana ido barci. Ni kuɗin adashin wata goma na ƙulle, na ce firiji da talabijin ɗin 'yata daga Legas zan sayo su, tunda dama ina da tafiya Agege duba ƙanena. Da na gaya masa, sai ya ce ai sai Alaba.

Bayan sallar asuba muka fito, muka bi ta Oshodi zuwa Mile 2, muka hau titin Badagry har tashar da ake kira Volks a yankin Ojo, daga nan muka karkata ciki. Kasuwar tun ƙarshen shekarun 1970 take nan, akasarin masu shagunan 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma gari ce guda: ga ɓangaren sababbin kaya, ga na tokumbo, ga na wayoyin wuta da fitilu. Ƙarar janareta da ta lasifika kuwa, sai kin ɗaga murya na kusa da ke yake ji.

Ƙafata ba ta gama sauka daga mota ba samari huɗu suka yi mana caa. "Alhaja! Mama! Hajiya, me za a saya?" Ƙanena ya ce, "Yaya, kada ki amsa wa kowa." To amma ɗayansu da Hausa tsaf ya gaishe ni, har da rusunawa, ga shi sa'an ɗana. Na amsa. Shi ke nan na zama tasa.

Ya ratsa da mu lungu-lungu zuwa wani shago da ya ce na maigidansa ne. Kafin in yi magana an jawo kujera, an buɗe mini lemo mai sanyi. Na faɗi irin firijin da nake so, aka ce ai an daina yin sa, ga wanda ya fi shi, kuma guda ɗaya ya rage, wani Alhaji ma ya ba da kafin alƙalami, amma saboda ni za a fasa. Ina cikin dubawa har sun fara ɗaure kwali. Sunan da ke jikin ƙofar ya yi kama da wanda na sani, harafi ɗaya ne ya bambanta.

A nan ne fa, 'yan uwa, na gane da abin da ake kama mu. Ba wayo aka fi mu ba, kunya ce. Na zauna a kujerar mutane, na sha lemonsu, an ce mini Mama, sai na ji tashi hannu rabbana kamar rashin mutunci ne. Wallahi har na ciro waya zan tura kuɗi. Ƙanena ne ya ce a jona firijin mu gani. Aka ce babu wuta, alhali janareta na ruri a bayanmu. Ya ce to a rubuta rasit da lambar da ke bayan firijin, aka fara 'yan kame-kame. Na ajiye kuɗin lemo a kan tebur na miƙe. An bi mu da maganganu, amma da yaren da ba na ji, don haka ba su dame ni ba.

Wani dattijo mai shago ne daga baya ya warware mana. Irin waɗannan samari, da Ibo ke kira oso ahia, ba su da shago, dillalai ne. Duk abin da yaron ya ɗora a kan farashi nasa ne, mai kaya kuma ba zai tona shi a gabanki ba. Ban ga laifin mai neman abinci ba, sai dai ladarsa daga adashina za ta fita.

Shago huɗu muka taya da ƙafarmu kafin mu saya a na biyar. Aka jona firijin, muka zauna rabin awa har bangon firizar ya ɗauki sanyi. Muka gwada lambar bayansa da ta kwali da ta katin garanti, duk ɗaya. Muka duba ƙarfin wutar da yake ɗauka, 220 zuwa 240, domin tokumbon Amurka 110 ne, in kika jona shi kai tsaye a wutarmu ƙonewa zai yi. Rasit kuma da sunan shago da lambar layi. Rarar da ta rage ita ta saya mana sitabilaiza. Dattijon ya kuma ja kunnena cewa in kaya sun isa Kano, a bar firijin a tsaye ya kwana kafin a kunna, man injinsa ya koma mazauninsa.

Muna fita, mai baro na gaba da kaya, sai ga yaron nan na safe. Ko a jikinsa. Ya sake rusunawa ya ce, "Hajiya, an yi ciniki lafiya? Ba a ba ni na ruwa ba." Na yi dariya na ba shi, ƙanena na ta harara ta har muka hau mota.