Harafin Da Ke Rawa

Ɗiyar ƙanwata mai shekara huɗu ta san koren hoton da za ta danna a waya in tana son jin muryar kakarta. Ba ta taɓa ganin tarhon girke ba, balle ta san zanen mariƙinsa ne. Ta dai gane cewa wannan abu yana wakiltar wani abu daban, kuma ba da wannan fahimta ake haihuwar yaro ba.

A 1987 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Judy DeLoache, ta haɗa ɗan ƙaramin samfurin wani ɗaki. Takan ɓoye ƙaramin karen roba a cikinsa a gaban yaro, sannan ta ce ya shiga ainihin ɗakin ya nemo babban karen a wuri irin wancan. Yawancin 'yan shekara uku suka gano shi. 'Yan shekara biyu da rabi suka yi ta lalube, alhali sun tuna sarai inda aka ɓoye ƙaramin. A wurinsu samfurin kayan wasa ne kawai, ba sa ganin yana ba da labarin wani ɗaki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo daga baya. Da aka sa samfurin a bayan gilashi, hannu bai kai gare shi, ƙananan suka ƙara ganewa. Da aka bar 'yan shekara uku suka fara wasa da shi kuwa, sai ƙoƙarinsu ya ragu.

Yanzu haka muna rubuta manhajar koya wa yara baƙaƙen Hausa. Masu aikin suna son kowane harafi ya samu idanu da ƙafafu, in an taɓa shi ya taka rawa, domin abin da ke sa iyaye su sauke manhaja ke nan. Ban ce ba su da hujja ba, da wannan kuɗi ake biyana albashi. Amma ɗan lanƙwasan nan na sama shi kaɗai ya raba ɗ da d, shi ya raba ɗaka da daka. Yaron da hankalinsa ke kan ƙafafu, yaushe zai lura da shi?

Na nemi a bar harafin baƙi a kan fari, kamar tawada a kan allo, rawar ta koma bayan yaro ya faɗi sautin daidai. Sun amince a gwada hakan da haruffa uku: ɓ, ɗ da ƙ.