Idan VPN Ya Ƙi Kamawa a Gida, Wa Ya Rufe Ƙofar?



Da yawanmu nan Kebbi ba mu san wani abu wai shi VPN ba sai a shekarar 2021. A ranar 5 ga Yuni na waccan shekarar aka toshe Twitter a Najeriya, kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Kafin gari ya waye, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega da Yauri, matasa sun koya wa juna sabuwar dabara: ka sauke manhaja, ka danna maɓalli, wayarka ta nuna kamar kana Jamus ko Kanada, alhali kana zaune gindin darbejiya. Abin ya fi jan hankalinmu domin wanda ya ba da umarnin a gurfanar da masu karya dokar, wato ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ɗan Birnin Kebbi ne. An yi kwana 222 kafin a buɗe a ranar 13 ga Janairun 2022, kuma a Yulin shekarar kotun ECOWAS ta ce toshewar ta saɓa wa doka.

Daga nan muka fito da fahimta guda: duk inda ka ga an rufe, hukuma ce ta rufe, kuma VPN ne maganinta. Wannan fahimtar ba ta yi wata uku ba ta sha ruwa. A Satumban 2021 aka katse layukan waya gaba ɗaya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, Katsina da Kaduna. A can babu VPN ɗin da ya yi wa kowa rana, domin shi VPN rami ne da ake haƙawa a cikin hanyar da take nan. Idan an ɗauke hanyar, ba inda za a haƙa.

To akwai rufewa ta uku, wadda ita ce ta fi samunmu yanzu, kuma ita ce muka fi jahilta: wadda ake yi a cikin gida. Iyaye da yayye da mazaje da dama sun soma sanya rariya a intanet ɗin gidajensu, don kada yara su faɗa shafukan batsa da na caca. Sai marubuci ya zo da aikinsa, ya kunna VPN, abu ya yi ta juyawa ya ƙi kamawa. Sai mu hau zagin sabis, mu cire layi mu mayar, mu sake sayen data, alhali ƙofar da aka rufe tana falo a kan teburi.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan marubuci da VPN tunda an buɗe Twitter? Ruwansa da yawa. Cikinmu akwai masu aikin fassara da tace rubutu daga gida, waɗanda masu ba su aikin ba sa bari a shiga rumbunsu sai ta VPN na ma'aikata. Akwai ɗalibai da malamai masu shiga ɗakunan karatu na intanet ta irin wannan hanyar. Akwai masu amfani da Wi-Fi na otal ko na ofis da ba su yarda da shi ba, suna son su rufe abin da suke aikawa. Ga irin waɗannan, VPN ya ƙi kamawa yana nufin wa'adi ya wuce, kuɗin aiki ya salwanta.

Haka ta faru da wata 'yar'uwarmu a Argungu, wadda ke fassara wa wata ƙungiya takardun wayar da kai daga Turanci zuwa Hausa. Aiki na tafiya lafiya har yayanta ya kawo sabuwar rauta gidan, saboda yaransa sun soma karatu da waya. Daga ranar VPN ɗinta ya daina kamawa. Kwana biyu tana fama, ga shafi arba'in da za ta miƙa ranar Alhamis. Da ta kira mu, tambaya ɗaya muka yi mata: idan kika kashe Wi-Fi kika koma datar layinki, yana kamawa? Ta gwada, nan take ya kama.

Wannan gwajin shi ne farkon komai, kuma ba ya cin minti ɗaya. Idan VPN ya kama da datar layi amma ya ƙi da Wi-Fi na gida, matsalar tana cikin rautar gida. Idan ya ƙi a duka biyun, a duba wayar ko kwamfutar: ko rajista ta ƙare, ko agogo da kwanan watan na'urar sun kauce, ko tsarin tattalin batir yana kashe manhajar, ko kuma rariyar a cikin wayar take zaune.

Wurare uku rariyar gida ta fi zama. Na farko shi ne abin da ake kira DNS. Shi kamar littafin adireshi ne: ka rubuta sunan shafi, shi ya gaya wa na'urarka lambar gidan da shafin yake. Mai gida yakan sauya wannan littafin da wanda aka cire wasu sunaye daga ciki. Cloudflare, alal misali, yana da lambar 1.1.1.3 wadda ke hana shafukan batsa da masu ɗauke da ƙwayoyin cutar kwamfuta. CleanBrowsing kuwa, tsarinsa na iyali har sunayen shafukan VPN yake ɓoyewa da gangan, domin ya san ta nan yara ke zillewa. Idan manhajarka ta nemi adireshin uwar garkenta aka ce babu, juyawa kawai za ta yi ta yi.

Na biyu shi ne ƙofofi. Kowane irin saƙo yana da lambar ƙofar da yake bi. WireGuard ya saba bin 51820, OpenVPN 1194, IKEv2 kuwa 500 da 4500. Wasu rautoci suna da saitin da idan aka kunna kulawar iyaye, ko aka kashe izinin wucewar VPN, sai su rufe waɗannan ƙofofin su bar na yawon shafuka kawai. Shi ya sa za ka ga Facebook da WhatsApp suna aiki sumul, VPN ne kaɗai ya maƙale.

Na uku yana cikin wayar. Wayar Android ba ta ɗaukar VPN biyu a lokaci guda, gurbi ɗaya gare ta. Manhajojin tace shafuka da yawa wannan gurbin suke shiga su zauna don su ga abin da ke wucewa. Idan ka kunna naka, ko dai ya kori rariyar, ko rariyar ta hana shi zama. Duba saman allon waya: idan akwai alamar ɗan mabuɗi tun ba ka kunna komai ba, to wani ya riga ka zama a kujerar.

A nan ne maganar ta bar fasaha ta koma ɗabi'a. Akwai dabarar da kowane yaro mai wayo ya sani: a sauya VPN ya bi ƙofa ta 443, wadda shafukan banki da na imel ke bi, wadda ba mai iya rufewa ba tare da ya kashe intanet ɗin baki ɗaya ba. Sau da yawa tana aiki. A otal ko a tashar jirgi, inda ba da gangan aka tare ka ba, ba laifi. Amma a gidan da mutum ya sa rariya da niyya, yin haka a ɓoye haura katanga ne, ko da kuwa kai ɗan gida ne.

Mu marubutan Hausa muna da dalilin jin tsoron kalmar tacewa. Mun san abin da ya faru a Kano a 2007 da 2008, lokacin da aka ƙona littattafai a bainar jama'a, kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Saboda haka da mun ji an ce an rufe, sai jikinmu ya ba mu cewa zalunci ne. Amma mu 'yan Kabi muna da wani misali a gabanmu. Kogin Matan Fada a rufe yake ga masunta kusan duk shekara. Ba mai jefa koma sai ranar da aka ba da izini, a bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ba mu taɓa kiran wannan hani zalunci ba, domin mun san wanda ya rufe, mun san dalili, mun san ranar buɗewa. Saboda hanin ne giwan ruwa ke samun girman da har sai an taru a ɗaga shi. Masuncin da ya sato hanya da dare ba Sarkin Ruwa kaɗai ya cuta ba, duk garin ya cuta.

Tambayoyin nan uku su ne ma'auninmu: wa ya rufe, don me, kuma akwai wanda za a je a samu ya buɗe? Rariyar gida ta amsa duka ukun. Mai ita yana nan, kuna cin tuwo kwano ɗaya.

Abin da muka shawarci 'yar'uwarmu ke nan. Bayan sallar isha'i ta same shi ta ce, "Yaya, abin da ka sa wa yara ya tare mini aiki." Ya dube ta ya ce, "To mi yas sa ba ki hwaɗi tun shekaranjiya ba?" Shi bai ma san tsarin ya haɗa da VPN ba, wanda ya saita mishi rautar a shago ne ya kunna komai. Suka shiga saitin tare, suka ware kwamfutarta daga cikin na'urorin da ake tacewa, wayoyin yara suka ci gaba da zama a ƙarƙashin rariya. Minti goma abin ya ɗauka. Ta miƙa aikinta ranar Laraba da dare.

Ga wanda ya samu kansa a irin wannan hali, hanyoyin gyara na fili sun isa. Idan rautar tana ba da damar ware na'ura, a ware ta mai aiki kaɗai. Idan DNS ne kuma tsarin yana karɓar jerin sunayen da aka yarda da su, a saka adireshin VPN na wurin aiki, ba a buɗe dukkan VPN na duniya ba. Idan rautar tana da layin baƙi, a buɗe shi da kalmar sirri daban wadda yara ba su sani ba. Idan duk wannan ya gagara, a yi aikin da datar layi, a bar Wi-Fi na gida yadda yake. Idan kuma VPN na ma'aikata ne, kada a sauya saitinsa ba tare da an tambayi mai kula da kwamfutocinsu ba. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai ɗaya gefen da ya kamata mu tsaya a kai, domin ya fi haɗari. Wani lokaci VPN ba ya maƙalewa, kamawa yake yi lafiya lau, kuma da ya kama rariyar ta tashi aiki a wannan na'urar, tunda komai ta cikin ramin yake bi, har tambayar adireshi. A gidajenmu waya ɗaya hannu biyar take zagawa. Ka gama rubutu ka ajiye, ƙaninka ya ɗauka zai yi wasa, ɗiyar yayarka ta karɓa za ta kalli zane. Idan ka bar VPN a kunne, ka buɗe musu duk abin da mahaifinsu ya kashe kuɗi ya rufe, shi kuma yana can hankali kwance. Saboda haka a kashe shi da zarar an gama, kada a sa shi ya riƙa tashi da kansa, kuma a sa wa manhajar makulli. Hakan ma zai raba ka da rigimar manhajojin banki, waɗanda sukan ƙi buɗewa idan suka ga kamar daga wata ƙasa kake.

Sai maganar na kyauta, wanda shi muka fi saukewa tun 2021. Duk abin da ka aika ta VPN ta hannun mai shi yake wucewa, yana ganin inda kake zuwa da lokacin da ka je. Uwar garke kuwa kuɗi take ci, to wanda bai karɓi ko sisi a wurinka ba, da me yake biya? Onavo, wani VPN na kyauta mallakar Facebook, an cire shi daga rumbun manhajojin Apple a 2018 saboda tattara bayanan masu amfani da shi, aka rufe shi a 2019. Idan na babban kamfani ke nan, ina ga wanda ba ka san ko a wace ƙasa mai shi yake ba? Marubucin da ke da labarin da bai fita ba, ko wadda ke shirya wa gasar Hikayata, ya kamata su san hannun da suke miƙa wa wayarsu.

A ƙarshe, akwai abin da wannan ya koya mana game da sana'ar da ta tara mu. Mukan rubuta "sabis ya ɗauke" a labari mu wuce, kamar yadda mukan ce "ba ta da lafiya" ba tare da mun san ciwon ba. Amma sabis ɗin da gwamnati ta toshe daban, wanda aka katse a Gusau daban, wanda uba ya tace don 'ya'yansa daban, kuma kowanne da irin labarin da ke cikinsa. A na ukun akwai uba mai tsoro, da yaro mai son sani, da ƙanwa mai neman na kanta, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa da gaskiyarsa. Har yanzu kaɗan ne cikinmu suka taɓa wannan gidan da alƙalami. Wanda zai taɓa, ya soma da sanin yadda abin ke aiki, sannan ya saurari kowane ɗayansu kafin ya yanke hukunci.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa idan rai ya kai.