Nowel a Gudel: hunturu, ruwan Gine da akushin maƙwabta

In an ambaci sallar Kirsimeti, wadda mu nan Nijar muka fi sani da Nowel, abin da ke fara zo wa mutum a rai shi ne hoton nan na talabijin da katunan gaisuwa: ƙauye a gindin duwatsun Faransa ko na Suwis, ƙanƙara ta lulluɓe ɗakuna, iyali suna zaune gaban wuta. Yamai ba ta san ƙanƙara ba, manyan duwatsun ƙasarmu kuwa suna can Abzin, tafiyar kusan kilomita 1000. Duk da haka wannan salla tana da nata kamanni a babban birni, kuma mai son ya gan su da kyau sai ya nufi Gudel.

Gudel tsohon gari ne na Zabarmawa, a gaɓar hagu ta kogin Isa, wanda ƴan'uwanmu na kudu ke kira Kwara. Yana yamma da tsakiyar birni, bayan an wuce Yantala, tsakanin hanyar Tilaberi da bakin ruwa. Tun kafin Nasara su mai da Yamai babban birni a 1926 mutanen Gudel suke noma da su a wurin. Yau birni ya haɗiye garin, ya zama unguwa, amma wanda ya shiga lungunansa zai tarar da katangun laka da jiragen masunta kamar dā. A nan ne kuma babbar ma'aikatar tace ruwa take, wadda galibin famfunan Yamai suka dogara da ita.

Nowel yana zuwa ne mako guda bayan bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba, a tsakiyar hunturu. Iska tana busowa daga arewa maso gabas, hazo ya rufe sararin sama, leɓe ya tsage, tsofaffi su kewaye wutar kara da asuba. Da dare sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 20, da rana zafi ya haura 30. Wannan ne lokacin da lambunan bakin kogi ke yin kore shar da salati, kabeji, tumatir da zogale.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne kogin da kansa. Wata biyu ko uku ke nan ba a ga ɗigon ruwan sama ba, amma ga shi cike, yana ma ƙara tasowa. Dalili kuwa, kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, ruwanta ja saboda ƙasar da ƙoramu ke kwasowa. Ita ce ta yi ɓarna mai yawa a 2020. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a kan tsaunukan ƙasar Gine tun damina. Sai ya bi ta Bamako, ya bazu cikin fadamun Mofti ya yi zamansa, sannan ya lallaɓo ta Tumbutu da Gawo, bai iso Gudel ba sai wajen Disamba da Janairu. Ashe mu ma duwatsu suna aiko mana da rabonmu a lokacin Nowel, sai dai namu ruwa ne ba ƙanƙara ba.

Su wane ne masu sallar? Kiristoci ƴan kaɗan ne ƙwarai cikin al'ummar Nijar. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, limaman Katolika kuma suka kafa mishan a Yamai a 1931. Masu bi na farko a birni galibinsu ma'aikata ne da masu sana'a daga Dahome, Togo da Haute-Volta, waɗanda mulkin mallaka ya kawo. Daga baya aka sami ƴan ƙasa: Gurmawa na wajen Makalondi da Torodi, mutanen Dolbel, Arawa na Dogondutsi, da Hausawan jihar Maraɗi da ta Tawa. A 2014 ne aka naɗa Laurent Lompo babban limamin Katolika na Yamai, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami. Duk da ƙarancin masu bi, ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce ga kowa a dokar ƙasa.

Shiri yakan fara tun ana saura mako biyu. Teloli ba su barci, domin iyali da yawa atamfa iri ɗaya suke ɗinkawa, daga uba har auta. A Babbar Kasuwa da bakin tituna ana baje kayan wasan yara da itatuwan roba masu ƙyalƙyali. Iyalan da suka fito daga Burkina sun zo da al'adar Wagadugu, inda yara ke gina ɗan ɗaki na laka a ƙofar gida don tuna wurin da aka haifi Almasihu. Daren 24 ga wata, Kiristocin Gudel da na unguwannin kewaye sukan shiga rigunan sanyi su nufi majami'unsu, wasu har babbar majami'ar Katolika ta tsakiyar gari. Can ana waƙa da Faransanci, da Zabarmanci, da Hausa, da Gurmanci, ana kaɗa ganga da ƙwarya.

Wanshekare aiki ya koma hannun mata. Ana dafa shinkafa da miya, a soya kaji da zabi, mai hali ya yanka rago, wani ya sauka bakin ruwa ya sayi giwan ruwa hannun masunta. Ana dama zoɓo da lemun citta. To, a nan ne abin da ya fi komi muhimmanci yake faruwa. Kafin mai gida ya sa loma a baki, an riga an cika akusa an ɗora wa yara, an ce su kai gidan wane da gidan wance. Masu karɓa kusan dukansu Musulmi ne. Shi ya sa a gidaje da dama ake kiran maƙwabci Musulmi ya yi yankan, don kowa ya ci hankali kwance. Akushin kuma ba kyauta ba ne ta rana ɗaya: ramuwa ce ta naman layya da ya shigo gidan a babbar salla, kuma zai sake dawowa baɗi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A Yamai, ƙafar ta yara ce masu ɗauke da kwano.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zama bai taɓa girgiza ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu, hukuma ta ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a babban birni kaɗai. Waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Amma a cikin wannan baƙin kwana an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu har ƙura ta lafa. Wanda ya saba cin akushinka da wuya ya rufe maka ƙofa. Bayan haka wata masifar ta ɓullo daga yamma. An sace limamin Katolika Pier Luigi Maccalli a ƙauyen Bomoanga a Satumban 2018, ba a sake shi ba sai Oktoban 2020, kuma rashin tsaro ya kori iyalai da yawa na ƙasar Gurma zuwa Makalondi, Torodi da Yamai. Irin waɗannan suna sallarsu nesa da gonakinsu, a gidan haya ko a rumfar ɗan'uwa.

Da la'asar ta yi, gari yakan fita shan iska. Wasu su kai yara gidan tarihi na Boubou Hama kallon namun daji. Wasu su haye kadarkon Janar Seyni Kountché, na uku a birnin, wanda aka buɗe a 2021 nan wajen Gudel, su nufi tuddan nan uku na gaɓar dama da ake kira Ƴan'uwa Mata Uku, su shimfiɗa tabarma. Wanda ba shi da abin hawa kuwa, bakin kogi ya ishe shi: ya zauna ya ga rana tana faɗawa cikin hazo, ja wur, masunta suna komowa.

Dattawan Gudel ba su manta da 1985 ba, shekarar da wannan babban kogi ya daina gudu a Yamai, har yara suka riƙa ƙetare shi da ƙafa. Bayan haka ne aka gina shinge a cikin kogin nan Gudel, don a tare wa birni ruwan sha na bazara. Zaman maƙwabtaka ma haka yake: abin da aka ɗauka ba ya ƙafewa ya taɓa ƙafewa, kuma tun da sauran ruwa ake yi masa tanadi. Saboda haka, ya kai mai karatu, in yaro ya yi sallama a ƙofarka ranar 25 ga Disamba da kwano a ka, ka karɓa hannu biyu, ka sa masa albarka, kuma kada kwanon ya koma wofi. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.