Faɗin Layi da Aikin Magatakarda

Mu da muke riƙe wa dattawan Zangon Kumasi alƙalami, sanarwar suna da ɗaurin aure da rasuwa da takardar sulhu duk ta hannunmu suke bi. Yau mafi yawansu a waya ake buga su, sau da yawa a tsaye cikin hayaniyar Kejetiya, inda layin WhatsApp bai wuce kalma biyar ko shida ba.

Hannu yana sauri a gajeren layi, babu shakka. Sai dai jimla uku kan cika fuskar waya, marubuci ya zaci ya tsawaita, ya shiga datsewa. Abin da ake fara datsewa kuwa shi ne sallama da laƙabi da addu'a, waɗanda su ne ke nuna takarda daga bakin dattijo ta fito. Saƙo ya isa ga liman ko sarkin wata al'umma tsirara haka, wani lokaci sai Maigida ya tashi manzo takanas kafin ɓacin rai ya lafa.

Kwamfuta kuma tata illar daban ce. Idan aka buɗe shafi iyakar faɗinsa, ido kan kai ƙarshen layi ya kasa gane farkon na gaba, a tsallake sunan wani babba a jerin masu gayya. Masana ɗab'i sun daɗe suna cewa layi ya tsaya tsakanin haruffa 45 zuwa 75. Masu rubuta manhaja da yawa har yanzu 80 suke riƙe da shi, gadon katin IBM na 1928.

Mu kam a makarantar allo muka fara sanin wannan, ko da yake ba wanda ya ƙidaya mana haruffa. Allo bai fi taƙi da kaɗan ba. Kafin tawada ta ƙare a alƙalami layi ya cika, ɗalibi ya duba abin da ya rubuta sannan ya sake tsomawa. Wannan ɗan tsaikon shi ne gyara. Alhaji Umaru na Salaga da Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, littafi guda ya wallafa a kan ƙa'idar rubuta wasiƙa, don malaman da ba su ɗauki tsarin takarda abin wasa ba.

Saboda haka takardar sulhu da ta ta'aziyya muna fara tsara su a kwamfuta, mu matso da gefen shafi har layi ya dawo kamar kalma goma sha biyu, mu karanta wa Maigida da murya, ya amince, sannan mu kwafa zuwa waya. Sanarwar lokacin jana'iza kaɗai muke bugawa kai tsaye, don gawa ba ta jira.